Hannu da Tsirkiya: Nazari a kan Yadda Makaɗi ke Samun Salon Kansa a Gaban Gwani

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: ta wace hanya mai koyon kiɗan tsirkiya yake tashi daga maimaita abin da ubangidansa ya kaɗa, har ya kai matsayin da za a jiyo kiɗansa daga bayan danga a ce wane ne, tun ba a ga fuskarsa ba? Mun ɗauki ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a masarautar Dutse ta kudancin Jihar Jigawa, a matsayin farfajiyar nazarin, domin yanki ne na manoma da makiyaya da mafarauta, inda kasuwannin mako irin ta Sara suke haɗa Hausawa da Fulani da mutanen ƙasar Bauchi, kuma inda ake koyon sana'ar hannu ta zama a gaban mai ita. Za mu riƙa leƙa makarantar jita ta Turai a duk inda hakan zai ƙara haske, saboda su sun rubuta tarihin malamansu da ɗalibansu dalla-dalla, kuma matsalar da ta dame su ita ce ta dame mu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su. Kiɗan tsirkiya shi ne duk kiɗan da sautinsa ke fitowa daga zaren da aka ɗaure aka ja a kan wani ƙoƙo mai amsa amo. Iri biyu ne a ƙasar Hausa. Akwai wanda ake goga wa izga, wato goge da ƙanwarsa kukuma, akwai kuma wanda ake taɓawa da yatsa ko da wani ɗan abu mai tauri, wato garaya mai tsirkiya biyu, da molo mai uku, da gurmi da ake yi da ɓarin ƙwarya, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal wanda ake harhaɗawa da gwangwanin kifi. Nazarinmu ya fi karkata ga iri na biyu, domin shi ne ɗan'uwan jitar Sifen, wato jitar nan mai tsirkiya shida wadda ba a haɗa ta da lantarki, ake kaɗa ta da yatsun hannun dama, ana bin kiɗan da aka rubuta a takarda. Take kuwa shi ne guntun kiɗan da aka keɓe wa wani mutum ko wata sarauta ko wata sana'a, wanda in an kaɗa shi mai shi ya san da shi ake. Gwani, a nan, muna nufin makaɗin da ya ƙware har yana da yaran da ke bin sa. Su ne barorinsa, shi ne ubangidansu. Salo kuma, wanda shi ne zuciyar maganar, muna nufin jimillar zaɓe-zaɓen da makaɗi ke yi a kai a kai wajen fitar da sauti, waɗanda suka zame masa jiki har ana gane shi da su. Ba kowane bambanci ne salo ba. Wanda ya kauce wa hanya don bai iya ta ba, kuskure ya yi. Sai wanda ya iya hanyar, ya kuma zaɓi ya bi ta a yadda ya ga ya fi, shi ne mai salo.

Manazarta kiɗan Hausa, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da raba makaɗa gida biyu ta fuskar yadda suka shiga sana'ar: ɗan gado, wanda ya buɗe ido ya ga ana yi a gidansu, da ɗan haye, wanda sha'awa ta kawo shi daga gidan da ba a yi. Ɗan gado yana da gata, domin kunnensa ya jiƙu tun kafin hannunsa ya kai, amma gatan nan kan zame masa ɗaurin talala, tun da duk inda ya kaɗa ana auna shi da mahaifinsa. Ɗan haye kuwa ba shi da wanda za a auna shi da shi, sai dai yakan sha wuya kafin ya sami mai karɓarsa, ga kuma fushin iyaye, domin har yau a garuruwan yankin da muke magana a kai ana kallon kiɗa da roƙo a matsayin sana'ar da ba kowane gida ke yarda ɗansa ya shiga ba. A kan waɗannan biyu muna ganin ya dace a ƙara gida na uku, wanda zamani ya haifar: ɗan kunne, wato wanda bai taɓa zama gaban kowa ba, rediyo da kaset da wayar hannu ne malamansa. Tun daga 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna wannan gida ya fara cika, kuma a yau shi ya fi yawan jama'a. Za mu dawo kansa.

Barantaka, wato zaman koyo a hannun ubangida, tana da matakai, ko da yake babu mai ƙidaya su da baki. Da farko yaro ɗan ɗaukar kaya ne: shi ke rataya garaya a kafaɗa in za a tafi biki, shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke tattara kuɗin da aka liƙa. Daga nan a ba shi buta ko caki ya riƙa kaɗawa, ko a sa shi cikin 'yan amshi. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ɓata lokaci ne, alhali a nan ne ake dasa masa abu mafi wuyar dasawa, wato rauji, ma'ana tafiyar kiɗa a bisa ma'aunin lokaci ba tare da gaggawa ko nawa ba. Yaron da ya shekara yana kaɗa buta a bayan garaya ya riga ya haddace takkuna da yawa da jikinsa tun bai taɓa tsirkiya ba. Sai bayan haka yake samun damar ɗaukar kayan, sau da yawa a ɓoye, in ubangida ya kishingiɗa, kuma gwani mai hankali yakan yi kamar bai ji ba.

Akwai abubuwa uku da muke ganin gwani na ƙwarai ba ya sassauci a kansu, domin ba fagen salo ba ne. Na farko shi ne ɗauri, wato daidaita tsirkiyoyi har kowace ta ba da muryar da ake so. A garaya da gurmi babu kusoshin murɗawa irin na jita. Da 'yan zobban fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sandar, sai a tura zoben sama ko a jawo shi ƙasa da babban yatsa, a taɓa, a saurara, a sake turawa kaɗan. Fatar da aka rufe ƙoƙon da ita ma tana da nata hali: da damina takan saki, sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a rana, da hunturu kuma takan ɗame har muryar ta yi tsini. Ɗan itacen da ke ɗage tsirkiya daga kan fata, wanda makaɗa ke kira jaki, in ya gusa da faɗin ƙwayar gero sai amon ya canza. Yaron da bai iya wannan ba, duk gudun yatsunsa banza ne. Na biyu shi ne zaman jiki: yadda ake rungumar kayan, da inda gwiwar hannu ke sauka, da sakin wuyan hannu, domin hannun da ya saba da ƙagewa ba ya kai tsakar dare a fagen biki. Na uku shi ne take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, kuma take magana ce da aka ɗora wa tsirkiya. In makaɗi ya hau a inda maganar ta sauka, ya daina kiran mai taken, ko da kiɗan ya yi daɗi. Mafarauci ko ɗan tauri da ke jiran a kira shi ba zai motsa ba.

To, in an ɗaure waɗannan uku, ina salo zai sami wurin shiga? Amsar farko, kuma wadda ta fi nauyi, ita ce taɓi, wato yadda yatsa ke haɗuwa da tsirkiya. A nan tarihin jita yana da abin koya mana. Tun a farkon ƙarni na 19, manyan makaɗan Sifen biyu da suka yi abota a birnin Faris, Fernando Sor da Dionisio Aguado, sun saɓa a kan abu guda: Sor da tsokar yatsa yake kaɗawa, Aguado kuwa da farce. Tsoka tana ba da murya mai taushi da kauri, farce yana ba da mai haske da kaifi wadda ke kai wa nesa. Francisco Tárrega, wanda ya rayu daga 1852 zuwa 1909, kuma ake ɗauka a matsayin uban makarantar jita ta zamani, ya yi yawancin rayuwarsa yana kaɗawa da farce, sai a shekarunsa na ƙarshe ya yanke su. Cikin manyan ɗalibansa, Emilio Pujol ya bi shi a kan tsoka har ya rubuta littattafai yana kare wannan hanya, Miguel Llobet kuwa ya ci gaba da farcensa. Malami ɗaya, ɗalibai biyu, murya biyu, kuma babu wanda ya ce ɗaya daga cikinsu ya fita daga gidan. Haka abin yake a wurinmu. Mai garaya yana kaɗawa da guntuwar busasshiyar fata mai tauri, amma kaurinta da tsawonta da yadda ya karkata ta nasa ne. Mai gurmi yana iya taɓawa kusa da jaki ya sami murya siririya mai tsauri, ko ya matsa wajen sanda ya sami mai laushi. Wani yana haɗawa da buga fatar da yatsa, ya zama shi ne mai tsirkiya shi ne mai ganga. Yatsun mutum biyu ba su taɓa zama ɗaya ba a tsawo da kauri da ƙarfi, don haka gwanin da ya tilasta wa yaro ya taɓa daidai yadda shi yake taɓawa, yana neman abin da halitta ba ta bayar ba.

Birnin Kudu tana da shaida a kan wannan wadda ta girme duk makaɗan da muka ambata. A duwatsun da ke gefen garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda ake ganin zane-zanen shanu na mutanen zamanin da, akwai faffaɗan duwatsu masu amo kamar ƙarfe in an buga su da ɗan dutse. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya bayyana su ga duniyar ilimi a tsakiyar shekarun 1950. A jikinsu akwai 'yan ramuka da suka lotsa saboda yawan bugu a wuri ɗaya, zuriya bayan zuriya. Dutse ba ya ɗauruwa, ba a tura masa zobe, muryoyinsa ƙididdigaggu ne, kuma ramukan sun nuna kowa a gurbi ɗaya yake bugawa. Duk wani bambanci da aka taɓa ji tsakanin mai bugu da mai bugu a wannan wuri, daga nauyin hannu da tazarar lokaci ya fito. Wannan ya kawo mu ga ɓangare na biyu na salo, wato sarrafa lokaci a cikin rauji: ɗan jinkirin da makaɗi ke yi kafin ya sauke sautin da kowa ke jira, ko ɗan hanzarin da yake yi ya tari numfashin 'yan amshi. Abu ne da bai kai ƙiftawar ido ba, ba ya rubutuwa, ba ya kuma faɗuwa da baki, amma shi mai sauraro ke fara ganewa.

Ado, wato ƙananan sautukan da ake cusa wa kiɗa don ƙawa, shi masu koyo suka fi ɗoki, kuma shi ya fi arha. Jita tana da 'yan sandunan ƙarfe a jikin wuyanta da ke yanke wa kowane sauti iyaka, garaya da gurmi kuwa sandarsu sumul take, yatsa na iya zamewa daga sauti zuwa sauti kamar muryar mutum, don haka ƙofar ado a buɗe take ƙwarai. Sai dai a ganinmu an fi gane gwani da abin da ya bari. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya ya yi duk aikinsa, ba shi da 'yan amshi, kuma kuntiginsa ba ya rige-rige da muryarsa: in yana magana sai ya lafa, in ya yi shiru sai ya amsa. Alhaji Haruna Uji na Haɗeja, a nan Jihar Jigawa, ya mai da gurmi abokin hirar waƙoƙin soyayya ta irin wannan hanya ta ba da wuri da karɓar wuri. Wannan zaman lafiya tsakanin murya da tsirkiya shi ne ɓangaren salo da ya fi jinkirin nuna, domin yana bukatar mutum ya daina son a ga iyawarsa.

Yanzu sai mu juya ga malamin kansa. Mun lura da iri uku. Akwai mai ɓoyo, wanda ke tsoron kada yaro ya ƙwace masa fage, sai ya riƙe wasu takkuna, ya juya baya in zai yi ɗauri, ya kuma bar yaron ya ɗauka cewa asiri ne ke kaɗawa ba hannu ba. Irin wannan ba ya hana salo fitowa, sai dai salon yakan fito da giɓi, kuma yawancin abin da ya ɓoye yakan bi shi kabari. Akwai mai kwafi, wanda ke ba da komai amma da sharaɗin a mayar masa da shi yadda ya bayar. Wannan ya fi wuyar ganewa, domin a ido malamin kirki ne. Andrés Segovia, wanda ya rayu daga 1893 zuwa 1987, shi ya fitar da jita daga ɗakunan hira ya kai ta manyan zaurukan kiɗa na duniya, kuma babu mai musun girman aikinsa. Amma John Williams, wanda ya fara koyo a hannun mahaifinsa sannan ya zauna gaban Segovia a birnin Siyena na Italiya cikin shekarun 1950, ya fito fili daga baya, a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 2012, ya soki yadda dattijon ke matsa wa ɗalibai su kwaikwayi kowane lanƙwasa nasa. Ba lallai ne mu karɓi hukuncin ɗalibi a kan malaminsa gaba ɗaya ba, amma ƙorafin sananne ne a kowace sana'a. Yaron mai kwafi yakan yi saurin burge jama'a, sai dai yabon da yake samu kullum ɗaya ne: kamar wane.

Iri na uku shi ne mai saki, kuma shi muke nufi da malamin ƙwarai. Alamarsa ita ce yana rarrabe kuskure da bambanci. In yaro ya karya take, ya tsayar da shi nan take, ko a gaban jama'a ne. In kuwa yaron ya kawo wani juyi da bai taɓa koya masa ba, amma taken na nan daram, rauji bai girgiza ba, sai ya ƙyale shi, wani lokaci ma ya ce a sake yi ya ji. Yakan kuma tura yaro ya saurari wasu, ya bar shi ya riƙe fage a farkon dare kafin manyan baƙi su iso, domin salo ba ya nuna a ɗaki. Mai rawa da ya tsaya cak, da tsohuwar da ta yi guɗa a inda ba a zata ba, da ɗan taurin da ya zaburo, duk gyara suke yi wa hannun yaro. Misali na kusa da muke da tabbacinsa daga Jamhuriyar Nijar yake. Malam Mamman Barka, haifaffen Tesker, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi da waƙoƙin Hausa. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwale-kwale na masuntan Buduma. Dattijon ya koya masa kiɗan gargajiyar, ya kuma ba shi biram ɗinsa. Barka ya adana tsofaffin waƙoƙin, ya kuma ɗora wa biram nasa sababbi, ya kai shi Turai, har ya rasu a 2018. Ya zo wa malamin da hannun da gurmi ya riga ya horar, malamin kuma bai ce sai ya kankare shi ba. Haka Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, ya ɗauko taɓin ƙananan kayan tsirkiya na ƙasarsu ya zuba wa jita, har ta koma magana da harshen bakin kogin Kwara.

Mu koma ga ɗan kunne. A Birnin Kudu ko Gwaram ko Basirka, saurayin da ke sha'awar gurmi ko jita a yau ya fi kusa da wayarsa a kan kowane gwani. Dalilan a bayyane suke: tsofaffin makaɗa suna ƙarewa, bikin da a da ake kiran mai garaya yanzu na'urar sauti ake ɗaukowa, waƙar zamani da fiyano da kwamfuta ake haɗa ta a situdiyo, kuma garaya da goge sun daɗe suna ɗauke da tabon alaƙarsu da bori, abin da ya ƙara nauyi bayan ƙaddamar da shari'a a Jihar Jigawa a shekarar 2000. Ba mu raina abin da waya ke bayarwa ba, domin ta tara wa yaro gwanayen da kakansa bai taɓa ji a wuri ɗaya ba, kuma yana iya maimaita guntun kiɗa sau ɗari ba wanda ya gaji da shi. Illarta biyu ce. Ba ta jin yaron, don haka ba ta ce masa tsirkiyarka ta saki ko kafaɗarka ta ƙage. Sannan abin da aka ɗauka a faifai ba ya canzawa, alhali gwani mai rai ba ya kaɗa take ɗaya iri ɗaya sau biyu. Yaron da ya ji ubangidansa ya kaɗa take guda a gidan suna da safe, ya sake kaɗa shi a dandali da dare, daga bambancin biyun yake gane wane ɓangare ne ƙashi wane ne tsoka, wato me ya wajaba me ya halatta a canza. Ɗan kunne yakan haddace ƙashi da tsoka a dunƙule, har da tarin da mawaƙin ya yi a ranar ɗauka. Ta haka waya ta zama mai kwafi mafi tsanani, ba da nufinta ba.

Matakin ƙarshe na barantaka shi ne yaye, wato ranar da ubangida ya sallami yaro ya ci gashin kansa. A al'adar sana'o'in Hausa ana yin sa da albarka, sau da yawa da kyautar kayan aiki, kuma yaron yakan ci gaba da kai gaisuwa da ɗan alheri, in sun haɗu a fage kuma ba ya fara kaɗawa sai an ba shi izini. Lokacin yin sa yana da tasiri kai tsaye a kan salo. In an yi shi da wuri, yaro yakan fita da ado mai yawa a kan ɗauri mai rauni, kuma da wuya ya dawo a gyara masa tun da ya fara jin tafi. In an ja shi ya yi tsawo, hannun yakan daskare a kan na ubangida, mutum ya kai shekara arba'in yana kaɗa kiɗan wani. Gwanayen da suka iya wannan ba sa duban shekarun yaro. Abin da suke jira shi ne ranar da za su ji ya kaɗa tsohon take daidai, mai taken ya miƙe ya amsa, amma jinkirin da ke cikin kiɗan da nauyin taɓinsa ba irin nasu ba ne. Daga nan sukan fara tura shi bukukuwan ƙauyukan da ke nesa shi kaɗai, tare da yaro ɗaya mai riƙe masa buta.